Jinya ko Ɗakin Hoto: Wanne Za a Cike a Fom?

(Kiɗan buɗe shiri, sannan a rage shi)

  Gaisuwa ta musamman ga ma'aikatan asibiti da suka sauka daga aikin dare idanu jajur, domin yau zancenku za mu yi.

Duk shekara idan aka fara sayar da fom ɗin JAMB, gidaje da yawa kan shiga shawara. Yaro ko yarinya an gama sakandare a ɓangaren kimiyya, an samu kiredit a Turanci da lissafi da fiziks da kemistiri da bayoloji, kuma zuciya tana son aikin asibiti. Kowa ya san masu neman karatun likita sun ninka gurbin da ake da shi nesa ba kusa ba, sai a fara leƙa sauran fannoni. Biyu daga cikin waɗanda aka fi rasa na zaɓa a tsakaninsu su ne aikin jinya, wato nas, da aikin ɗaukar hoton cikin jiki, wanda a jami'a ake kira rediyogirafi. Darussan da ake rubutawa a JAMB iri ɗaya ne: Turanci, fiziks, kemistiri da bayoloji. A jami'a kowanne shekara 5 ne. A asibitocin Gwamnatin Tarayya ma tsarin albashi ɗaya ake biyan su da shi, wanda ake kira CONHESS. Wannan ne ya sa ake ɗaukar su Ɗanjuma ne da Ɗanjummai, a ce wa yaro, "Cike duk wanda ya fi sauƙin samu." Ni dai a ganina babu shawarar da ta kai wannan muni. Rufin asibiti ɗaya ne ya haɗa su, amma yadda nas ke wuni bai yi kama da yadda mai ɗaukar hoto ke wuni ba, kuma wunin nan shi mutum zai yi ta maimaitawa fiye da shekara 30, in Allah ya ba da rai da lafiya.

Bari mu bi nas mu ga wuninta. Ta iso kafin ƙarfe 8 na safe, ta karɓi aiki daga hannun wadda ta kwana. Gado-gado ake bi ana miƙa aikin: wannan ya kwana da zazzaɓi, wannan an yi masa tiyata jiya kuma har yanzu bai yi fitsari ba, wancan dattijon ya ƙi cin abinci, yarinyar can ruwan da aka ɗaura mata ya kusa ƙarewa. Daga nan sai awon zafin jiki da bugun zuciya da hawan jini, sai rabon magani kowa a kan lokacinsa, sai allura, sai wankin ciwo, sai sa robar fitsari, sai juya wanda ba ya iya juya kansa don kada kwanciya ta yi masa gyambo. Duk abin da ta yi kuma sai ta rubuta. Likita zai zo zagaye, ya duba, ya rubuta abin da za a yi, ya wuce ɗaki na gaba. Nas ita ke zama. Ita za ta lura numfashin mai gadon lungu ya canza, ko matar da ta haihu ɗazu zanenta yana jiƙewa da jini fiye da kima. Zubar jini bayan haihuwa na iya kashe mace lafiyayya cikin awa 2 idan ba a tare shi ba, don haka wanda ya fara gani shi ne sanadin tsira, kuma mafi yawan lokuta nas ce ko ungozoma.

Akwai kuma abin da ba a rubutawa a takardar tallar makaranta. Amai ne, da bayan gida, da warin gyambon mai ciwon suga, da kukan yaron da ruwan zafi ya ƙona ana canza masa bandeji. Akwai mutuwa. Majinyacin da kika yi sati biyu kina lallashi ya sha magani, kun saba har yana ce miki "'yata", ke za ki rufe masa ido, ke za ki fita ki fuskanci iyalinsa. Aiki kuma kashi uku ne, na safe da na rana da na dare, na daren ya fi tsawo, kuma bai san Sallah ba, bai san ranar suna ba. A asibitocinmu ba abin mamaki ba ne a tarar da nas ɗaya ko biyu a ɗaki cike da gadaje cikin dare, wannan na kiran "Sista", wancan na kiran "Malam", ga 'yan jinya sun cika baranda kowa gani yake nasa ne ya fi tsanani.

Na san a nan wasu masu sauraro suna cewa, "Ai nas-nas ɗin nan faɗa gare su, musamman a ɗakin haihuwa." Ba zan kare wanda ke wulaƙanta majinyaci ba, laifi ne, kuma dokar aikin ta hana. Gajiya da ƙarancin ma'aikata suna da nasu kason a ciki. Amma wani kason daga wurin cike fom ya faro. Mutumin da bai da juriyar jama'a, aka tura shi jinya don an ce ana samun aiki da wuri, to kan majinyata zai huce.

Duk da haka, wanda Allah ya yi wa son mutane, babu aikin da zai ba shi abin da jinya ke bayarwa. Mutum ya zo a kwance ranga-ranga, ka yi ta fama da shi, ranar sallama ya fita da ƙafarsa yana sa maka albarka. Bayan shekaru a tare ka a kasuwa a ce, "Kai ne ka kwana a kan mahaifiyata." Wannan sana'a tana da tsohon tarihi a wurinmu. Rufaida al-Aslamiyya ta kafa tanti a masallacin Madina tana jinyar masu rauni, kuma lokacin da kibiya ta sami Sa'adu bin Mu'azu a yaƙin Khandaƙ, a tantinta Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa aka kwantar da shi. Uban da ke ganin jinya ba aikin 'ya mace mai mutunci ba ne, ya tuna da wannan.

To, mu sauka ƙasa mu shiga ɗakin hoto. A nan layi ne. Mutum ya zo da takarda daga likita, an rubuta ɓangaren jikin da ake son gani da dalili. Rediyogirafa, wato mai ɗaukar hoton, zai karanta, ya tabbatar da sunan mai ita, in mace ce ya tambaye ta ko tana da juna biyu, ya sa a cire sarƙa da 'yan kunne da laya mai ƙarfe da duk abin da zai ɓata hoto. Sai ya tsayar da mutum yadda ya kamata, ƙirji manne da allo, kafaɗu a turo gaba. Ya saita ƙarfin na'ura daidai kaurin jikin mutumin, domin abin da za a ba jariri ba shi za a ba ƙato ba. Ya koma bayan kariya ya ce, "Ja numfashi, riƙe, kar ka motsa." Ɗaukar kanta ba ta kai daƙiƙa ɗaya ba. "To, sake numfashinka." Ya duba hoton a kwamfuta, in ya yi kyau a kira na gaba. Cikin minti goma an gama da mutum, wataƙila ba za ku sake haɗuwa ba har abada.

Wani zai ce ashe danna maɓalli ne kawai. Ko kusa. Ana shekara 5 ne saboda sai ka san kowane ƙashi da kowace gaɓa da inda kowace jijiya ta bi, ka san ta wace kusurwa za ka harba hasken eksire karayar da ta ɓuya ta fito. Hoton da aka ɗauka a karkace na iya nuna zuciya ta kumbura alhali lafiyarta ƙalau, ko ya ɓoye tsagewar ƙashin wuya a sallami mutum ya je gida ya shanye. Sai ka san fiziks na gaske, yadda ake samar da hasken da yadda yake ratsa nama ya tsaya a ƙashi. Kuma ba eksire kaɗai ba ne. Akwai CT, wadda ke zagaya jiki tana fitar da hotonsa yanki-yanki, ita ake nema da gaggawa idan mutum ya bugu a kai ko ana zargin shanyewar ɓarin jiki. An fara gwada ta a kan majinyaci a Landan a 1971. Akwai MRI, mai aiki da maganaɗisu, wadda kan ɗauki rabin awa ko fiye mutum yana kwance a cikin rami mai ƙara. Akwai sikanin da matanmu suka sani a wurin awon ciki, shi da sauti yake aiki. Akwai hoton nono don gano kansa da wuri. Akwai kuma masu aiki a sashen ƙona cutar kansa da haske, irin wanda ake da shi a asibitin koyarwa na Shika da na Sakkwato.

Kada kuma wanda ke gudun jini ya ɗauka ya sami mafaka. Idan mota ta kife a babbar hanya, daga ɗakin gaggawa ɗakin hoto ake nufa da mutane, jina-jina, ƙashi a waje, kuma kai za ka ɗaga ƙafar nan ka saita ta ba tare da ka ƙara wa mai ita rauni ba. Ana kiran rediyogirafa tiyata idan ana sa ƙarfe a ƙashi, ana tura shi da na'urar turawa wurin waɗanda ba sa iya tashi, kuma a manyan asibitoci yana kwanan aiki. Bambancin shi ne shi yana gamawa ya miƙa, nas kuwa ita ake miƙa wa.

Wani abu da ke rikita ɗalibai: rediyogirafa ba shi ne likitan hoto ba. Likitan hoto sai ya gama karatun likita tukuna, sannan ya ƙara wasu shekaru yana ƙwarewa, kuma shi ke fassara hotunan CT da MRI ya rubuta rahoto. Rediyogirafa shi ke samar da hoton. Sau da yawa zai ga ƙari a allo, majinyaci ya dube shi ya ce, "Malam, me ka gani?" dole ya ce, "Likitanka zai yi maka bayani." Wannan ma wani nauyi ne, kuma yana buƙatar mai iya riƙe bakinsa. A sikanin ne aka fi sakar masa mara, inda da yawansu, bayan ƙarin horo, su ke dubawa su rubuta abin da suka gani.

(Kiɗa na ɗan lokaci)

Masu sauraro barkanmu da dawowa. Ga waɗanda suka kama mu yanzu, muna magana ne a kan zaɓi tsakanin karatun jinya da na ɗaukar hoton asibiti. Yanzu kuma ga tambayar da iyaye mata suka fi yi, wani lokaci cikin raɗa: "An ce aikin hoton nan yana hana haihuwa, an ce yana jawo kansa. Gaskiya ne?"

Tsoron yana da asali. A ranar 8 ga Nuwamba, 1895, wani Bajamushe masanin fiziks mai suna Wilhelm Rontgen ya gano wannan haske, kuma cikin makonni ya ɗauki hoton hannun matarsa, ƙasusuwa da zobenta suka fito. Duniya ta ruɗe, kowa ya shiga gwadawa ba tare da an san illarsa ba. Clarence Dally, wanda ke yi wa Thomas Edison aiki a Amurka, da hannuwansa ya riƙa gwaji, har suka lalace aka yanke su, ya mutu a 1904. Irinsa suna da yawa a wancan zamani. Daga abin da ya same su aka gina dokokin da ake bi yau.

Ga yadda lissafin yake. Ana auna abin da jiki ya sha da ma'aunin da ake kira milisibat. Kowane ɗan Adam, ko bai taɓa taka asibiti ba, yana shan kimanin 2.4 a shekara daga ƙasa da duwatsu da iska da sararin sama. Hoton ƙirji guda yana ba majinyaci kimanin 0.1. Iyakar da aka yanka wa ma'aikaci ita ce 20 a shekara, idan aka raba a kan shekara 5. A Najeriya hukumar NNRA ce ke sa ido a kan wannan. Ma'aikaci yana maƙala wani ɗan baji a ƙirjinsa wanda ke tara lissafin abin da ya sha, ana kai shi a karanta lokaci-lokaci. Bangon ɗakin a kare yake da dalma ko kankare mai kauri, akwai rigar dalma, akwai gilashin dalma da yake leƙe ta ciki. Nisa ma kariya ce: in ka ninka tazararka da na'ura sau biyu, abin da ke iso ka ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. A inda ake bin waɗannan ƙa'idoji, abin da bajin yawancin ma'aikata ke nunawa bai ko kusanci iyakar ba. Na'urar eksire kuma sai an danna take fitar da haske, ana saki ya ɗauke, ba ya zama a ɗaki, ba ya bin mutum gida a riga. Madarar da ake cewa a sha bayan hoto abinci ce mai kyau, amma ba ta wanke komai. Ma'aikaciya in ta sami juna biyu, tana sanar da shugaban sashe a canza mata wurin tsayawa, domin abin da aka yarda ya isa ga ɗan tayi bai wuce milisibat 1 ba har ta haihu. Sikanin da MRI kuwa babu wannan hasken a cikinsu sam. Haɗarin MRI daban ne: maganaɗisunta ba ya mutuwa ko an tashi aiki, yana iya fizgo almakashi ko tukunyar iskar numfashi daga bakin ƙofa.

Inda haɗarin gaske yake shi ne ɗakunan hoto na bayan layi, inda aka sayo tsohuwar na'ura aka girka a shago, bango bulo ne zalla, babu baji, babu riga, aka ɗauko yaro aka koya masa danna maɓalli. Ɗana, in ka gama karatu aka ba ka aiki a irin wannan wuri, komai albashin, ka bar musu.

In kuwa za a tambaye ni wa ya fi kusa da haɗari a wuni guda, zan ce nas. Allurar da aka yi wa mai cuta in ta soke ta, damar kamuwa da cuta mai karya garkuwar jiki kusan 3 ce cikin 1,000, amma ta ciwon hanta nau'in B tana iya kaiwa 30 cikin 100 ga wadda ba ta yi rigakafi ba. Shi ya sa duk ɗalibin da zai shiga asibiti, na jinya ne ko na hoto, ya tabbata ya karɓi allurar rigakafin nan guda 3. Ga tarin fuka, ga zazzaɓin Lassa da ya sha cin rayukan ma'aikatan lafiya a ƙasar nan, ga ciwon baya saboda ɗaga majinyata. Sai dai ba a ganin waɗannan da ban tsoro saboda an saba da su.

Hanyar karatu ba za ta ɗauke mu lokaci ba. Jinya tana da ƙofofi da yawa. Akwai digiri na shekara 5 a jami'o'i irin su Ahmadu Bello ta Zariya, da Bayero ta Kano, da Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, da Jami'ar Maiduguri, sai shekara guda ta sanin makamar aiki, sai hidimar ƙasa. Akwai kwalejojin jinya, kusan kowace jiha tana da tata, waɗanda a da ake shekara 3, yanzu kuma da yawansu sun koma tsarin ND da HND na shekara 4. Akwai ma karatun shekara 2 na jinya da ungozomanci na karkara, wanda aka tsara don ɗalibi ya koma ƙaramar hukumarsa ya yi aiki. Kowace ƙofa ka bi, sai ka ci jarrabawar Majalisar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya, NMCN, kafin a ba ka lasisi. Bayan haka ana iya ƙwarewa ba tare da an yi nisa ba: jinyar ƙashi a asibitin Dala da ke Kano, jinyar ido da ta kunne a cibiyoyin ƙasa da ke Kaduna, jinyar masu taɓin hankali a Barnawa ko Kware, ga aikin tiyata, ga sa barci, ga wankin ƙoda.

Rediyogirafi ƙofarsa ɗaya ce babba, digiri na shekara 5, kuma jami'o'in da ke yin sa ba su kai na jinya yawa ba. A Arewa akwai shi a Bayero, da Ɗanfodiyo, da Maiduguri. Shi ma akwai shekarar sanin makamar aiki, kuma lasisi yana hannun hukumar RRBN, wadda aka kafa a 1987. Wasu kwalejojin kimiyyar lafiya suna horar da mataimaka a ɗakin hoto, aiki ne mai amfani, amma a sani tun farko matsayinsa da albashinsa ba ɗaya ba ne da na mai digiri. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram, tsarinku daban ne, ku nemi bayani a makarantar koyon aikin lafiya ta ENSP da ke Yamai da Damagaram, amma maganar hali da yanayin aiki duk ɗaya ce.

Yanzu ga abin da na fi so iyaye su saurara da kyau, domin shi aka fi mantawa: a ina yaron nan zai zauna? Nas da hannunta da abin awon jini da akwatin magani aiki ya samu. Ana buƙatar ta a asibitin koyarwa, ana buƙatar ta a ƙaramin asibitin ƙauyen da mota ba ta shiga da damina, da makarantun kwana, da kamfanoni, da ƙungiyoyin agaji, da tawagar alhazai. Duk inda aure ko canjin wurin aiki ya kai ta, akwai marar lafiya. Rediyogirafa kuwa in babu na'ura kamar tela ne ba keke. Na'urar daga waje ake sayo ta da dala, tana son wuta tsayayya da sanyi, in ta lalace a jira injiniya da kayan gyara, wani lokaci watanni, ma'aikaci yana zuwa yana zaman jira hannunsa yana sanyi. CT da MRI a manyan birane suke, a asibitocin koyarwa da cibiyoyin gwaji na 'yan kasuwa. Saboda haka wanda ya san ba zai iya barin garinsu ba, ga tsofaffi ga gona, kuma garin babu ko injin eksire mai aiki, ya yi tunani sosai kafin ya cike rediyogirafi. Wanda kuma zaman birni bai dame shi ba, ƙarancin masu sana'ar riba ce gare shi, domin cibiyoyin hoto sai ƙaruwa suke a Kano da Kaduna da Abuja, kuma gwani a CT ko MRI ko sikanin ba ya rasa mai nemansa.

Maganar kuɗi, ba zan yaudare ku da adadi ba, domin jiha da jiha sun bambanta, asibitin gwamnati da na kuɗi sun bambanta. Abin da zan ce shi ne, a aikin gwamnati tazarar da ke tsakanin masu digiri biyun ba ta kai a sayar da kwanciyar hankali saboda ita ba. Mai son kafa nasa, buɗe cibiyar hoto yana cin jari mai nauyi da lasisi iri-iri. Mai tunanin fita waje kuwa, dukansu ana neman su a Saudiyya da Ingila, bayan jarrabawar ƙasar da za a je. Na jinya sun fi fita da yawa: a 2024 majalisar NMCN ta ce sama da 42,000 sun bar Najeriya cikin shekara 3. Ni dai ba na zargin wanda ya tafi neman halalinsa, amma a tuna ɗakin da nas ɗaya ke kwana da gadaje cike, wannan lissafin ne ya haife shi.

'Yan mata, ku ba ni kunnenku kaɗan. An saba duk yarinyar da ta ce tana son asibiti sai a ce ta yi nas ko ungozoma, kuma lallai ana buƙata, domin ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da ke mutuwa wurin haihuwa a duniya 'yan Najeriya ne, kuma Arewa ce ta fi ɗaukar nauyin. Amma ku tuna da matar da aka rubuta wa hoton nono, ko hoton mahaifa saboda rashin haihuwa, ta zo ta tarar namiji ne a ɗakin, ta naɗe takardarta ta koma gida, ba ta dawo ba sai ciwo ya ci ƙarfinta. Yarinyar da fiziks ba ya ba ta tsoro, kada a hana ta rediyogirafi da tatsuniyar rashin haihuwa. Samari kuma, jinya ba ta mata kaɗai ba ce. Asibitocin Arewa sun daɗe da maza a wannan aiki, kuma ɗakunan maza da na ƙashi da na gaggawa suna neman su.

Wani ɗalibi zai ce, "Malam, an ce kwamfuta za ta ƙwace aikin hoto." Gaskiya ne akwai manhajar da ke duba hoton ƙirji ta nuna alamar tarin fuka, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da amfani da ita wurin tantance jama'a tun 2021. Amma karatun hoton take yi. Ba ta lallashin yaro ya tsaya cak, ba ta ɗaga tsohuwa ta ɗora a tebur.

Ga hukuncina. In kana iya zama da mutum ɗaya kwana da kwanaki, kana jure kuka da ƙorafi da ƙazanta ba ka ɗaga murya ba, kuma kana son sana'ar da za ta bi ka duk inda ka je, cike jinya. In fiziks da na'ura suna burge ka, kana son aikin da ake auna shi daidai ba kusan daidai ba, kana iya yi wa baƙo hamsin fara'a a wuni kowa na 'yan mintoci, kuma za ka iya zaman birni, cike rediyogirafi. In kuwa har yanzu likita kake so, kana neman wurin fakewa ne kawai, gara ka sake rubuta JAMB da ka shiga aikin da za ka riƙa jin haushinsa.

Kafin a biya kuɗin fom, abu biyu nake roƙo. Na farko, gani ya kori ji: a nemi izinin hukumar babban asibitin da ke kusa, ɗalibi ya je ya ga ɗakin majinyata da yamma lokacin miƙa aiki, ya je ya zauna a bakin ɗakin hoto da safe, ya tambayi masu aikin abin da ya fi gundurar su. Na biyu, iyaye ku binciki makaranta. Makarantun jinya na bogi sun yi yawa, gini mai fenti da inifom mai kyau, a kwashe kuɗinku shekaru, a ƙarshe babu lasisi. NMCN da RRBN kowacce tana da jerin makarantun da ta amince da su, kuma kowacce tana yi wa ɗalibi rajista tun yana makaranta ta ba shi lamba. Ku tambayi shugaban makaranta wannan lambar, ku tambayi ɗaliban da suka gama bara ko sun karɓi lasisinsu. In aka fara kame-kame, ku riƙe kuɗinku.

Nan za mu dakata a shirinmu na yau. Wanda ya ji, ya isar wa maƙwabcinsa da ke da ɗa ko 'ya a ajin ƙarshe na sakandare. 

(Kiɗan rufe shiri)